Kada Ki Kai Ƴar Abijan Fomataj

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Tawa, zuwa ga ɗiyata Salamatu a Yamai.

Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba da ta ɗa a haɗe, tunda sunan mahaifiyata kika ci, bakina kuwa har yau bai iya kiran sunan nan gatsau ba. Ina fatan kin sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ki, kin sami ɗaki da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya kare ki daga sharrin mota da na mutum, Ya buɗa miki karatun da kika je nema. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Ita ta ɗaure cukun da ke tare da takardar nan, ta ce ki ɗiba wa maƙwabtanki tun kafin ƙanshinsa ya kai musu labari.

Kada kaurin ambulan ɗin ya tsorata ki, kada kuma girman rubutun ya ba ki dariya. Yanar idon nan ta ƙaru. Da hantsi nake zama a ƙofar ɗaki in rubuta, lokacin da haske ya fi tausaya mini, kalma kaɗan sai layi ya cika. Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sakewa tun ranar da muka raka ki tasha.

Kina tsaye a bakin mota, kin rungume jakar kwamfutar nan tamu da duk gidan ke kira Ƴar Abijan, sai ƙawarki Rakiya ta dube ta ta ce, "Ke Salamatu, da wagga tsohuwa za ki shiga jami'a? Da mun isa mu kai ta a yi mata fomataj, a share komai na cikinta, a sa mata sabon sistem irin na kowa." Kika yi dariya, kika ce to. Da kunnena na ji. Na buɗe baki, sai na ga mutane sun kewaye mu, direba yana ta hon, mahaifiyarki tana share ido da bakin mayafi. Na ɗaga miki hannu kawai. Mota ta tashi da ke da maganar.

Ki saurare ni, Innata. Babu wata kwamfutar bayan wannan. Na yi ritaya, ƙanena, Babanki Ilyasu, da ya kawo ta ya tsufa can Abijan, ciwon ƙafa ya raba shi da yawon kasuwa. In Ƴar Abijan ta mutu a shekararki ta farko, sauran shekarun da aro za ki yi su, kina bin ƙofofin ɗakunan mutane, a daidai lokacin da kowa yake buƙatar tasa. Na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa sun dawo gida ba don karatun ya fi ƙarfinsu ba, sai don an ce a kawo aiki a buge, su kuwa ba su da abin bugawa. Abin da kawai nake da shi na ba ki shi ne kurakuraina. Kin san su, wasu ma a gabanki aka yi, wasu sun zama abin tsokana a gidanmu. Amma ba ki taɓa jin su a jere ba.

Kina ƙarama lokacin da Ilyasu ya zo da ita. Farkon damina ne, lokacin da mazan Adar ke dawowa daga neman kuɗi don su kama noma. Kin san al'adarmu: in matafiyi ya sauka, sai a shimfiɗa tabarma, a baje tsaraba, dangi da maƙwabta su zo sannu da zuwa, kowa ya gani ya sa albarka. Kuma a kan tabarmar nan ba a cewa abu tsoho ne. Ko an ga alamar hannun wani a jikinsa, sai a ce kai, sabo dal. Kwamfutar ta riga ta yi aiki a hannun wani kafin Ilyasu ya saye ta, kowa ya gani, kowa ya yaba. Na kunna ta, ta tashi nan da nan, tana aikinta lafiya lau. Sai wani maƙwabcinmu da bai daɗe da dawowa daga Libiya ba ya leƙo allon, ya kira ni da Faransanci yadda ake kiran malamin makaranta, ya ce, "Mushe, injin kam mai kyau ne, amma sistem ɗin nan an daina yayinsa." Na dubi Ilyasu, na ga fuskarsa ta faɗi. Mutumin da ya sha ranar kasuwa don ya faranta wa wansa rai, ga shi an kushe masa tsaraba a gaban jama'a.

Washegari na ɗauke ta sai wani shago kusa da tasha, irin waɗanda ake kai wa katin waya a zuba waƙoƙi da wa'azi. Mai shagon ya tambaye ni tambayar da yake yi wa kowa: "Mushe, a cika ta?" Na ce, "Cika ta." Haka muka saba, in an kai kati sai a cika shi, in an kai kwano sai a cika shi, wanda ya karɓi rabi kamar an cuce shi ne. Ya sa mata sistem mafi sabunta da yake da shi, ya bi shi da duk wani kayan aikin da ke cikin akwatinsa, har da na masu zanen gine-gine, ni malamin lissafi.

Na san kin san mene ne sistem, amma malami ba ya iya bari: shi ne abin da ke tashe ta, ya riƙe mata fayiloli, ya buɗe mata sauran kayan aiki. Shi ne kaya na farko da take ɗauka kafin ki ɗora mata naki. In shi kaɗai ya cinye ƙarfinta, me ya rage miki?

Daga ranar ba ta ƙara zama daidai ba. Fankarta tana kuka kamar injin niƙa, ƙasanta ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Mahaifiyarki takan ce, "Malam, kunna ta tun yanzu, wataƙila kafin in gama daka ta farka." Da Ilyasu ya zo sallama zai koma, ya zauna yana jiran ta buɗe don ya ga hotunan da muka ɗauka, ya jira har shayinsa ya huce, sannan ya ce, "Yaya, lahiya lau na kawo maka ita. Mi ka ba ta ta ci?" Muka yi dariya dukanmu. Amma na so in fid da shi kunya, sai na lalata masa kyauta.

A Kalfu, inda aka haife ni, rijiyoyinmu suna da zurfi, da dabba ake jan ruwa. Gugan da sa ke ja daban, wanda jaki ke ja daban. Kakanki bai taɓa ɗaura wa jakinsa gugan sa don baƙi suna kallo ba. Jakin yana shayar da gida duka da ƙaramin gugansa, in dai an bar shi da shi. Ni da na yi karatu na kasa riƙe wannan. To, ki san ƙarfin abin da ke hannunki kafin ki yarda da abin da za a ɗora masa. Wurin da take riƙe aikin da take cikin yi, wanda ake kira RAM, giga biyu ne kacal a Ƴar Abijan. Sabon sistem ɗin da Rakiya take nufi an gina shi ne don injunan da suka ninka ta. Ba laifinsa ba ne, ba don ita aka yi shi ba. Duk wanda ya ce zai sa miki wani abu, ki fara tambayarsa nawa yake ci kafin a buɗe komai. In bai sani ba, ki rungume jakarki ki fito.

Kuskure na biyu daga na farko ya fito. Mu nan fomataj muka ɗauka maganin kowace cuta. Ta yi nauyi, fomataj. Ta yi zafi, fomataj. Sauti ya ɗauke, fomataj. Da nauyin ya ishe ni na ce bari in mayar da ita a share komai, a dawo mata da tsohon sistem ɗinta. A lokacin kuwa akwai abin da ke cikinta wanda babu shi a ko'ina a duniya. Hutun da ya gabata na tafi da ita Kalfu, na zaunar da Inna, wadda kika ci sunanta, a gindin bishiyar tsakar gida, na ɗauki muryarta. Ta jero mini sunayen kakanninmu, ta faɗi yadda suka sauka a garin, da wanda ya sare wace gona, ta yi waƙoƙin da suke yi a bakin dutsen niƙa tun tana budurwa. Tana yi tana tsayawa tana cewa, "Abdu, wai da gaske abin ga na jina? To ka ce mishi kada shi kai ni gaba."

Ban yi sakaci irin na wanda bai damu ba. Na kwafe, ko in ce na zaci na kwafe. Na jawo abubuwan da ke kan allo na zuba a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta a gefe, na ga sunayensu sun bayyana a ciki, hankalina ya kwanta. Mai shagon ma ya tambaye ni ko akwai abin da nake so a ciki, na ce masa na gama da wannan. Ya share. Ke kika sa kilen a kwamfutar maƙwabta daga baya, kin tuna, kika ce, "Baba, ba ya buɗewa." Ashe ba muryar na kwafa ba, ƴan alamomin nan ne masu nuna hanyar zuwa inda take. Hanya ta rage, gidan da take kaiwa an rushe shi. Na ce ba komai, in hutu ya zo sai in koma in sake ɗauka. Inna ba ta kai hutun ba.

Yanzu in na rufe ido ina iya tuno kalmominta, amma sautin yana gudu daga gare ni kaɗan-kaɗan. Sunayen kakannin ma wasu sun ɓace mini, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Don haka kafin ki taɓa komai a cikinta, ki kwashe abin da ke ciki zuwa wuri biyu daban. Sannan ki ɗauki kwafin ki kai wata kwamfutar, ki buɗe shi da hannunki, ki ga takarda ta buɗe, ki ji sauti ya fito. Ganin suna a cikin kile ba shaida ba ne. Kuma ki mai da wannan ɗabi'a har ki gama karatu: duk aikin da kika wahala a kansa, kada ya kwana a wuri ɗaya.

Na uku shi ne wanda ba ni kaɗai ya ci ba, shi ya sa ya fi yi mini nauyi. Ƴan garinmu mazauna Abijan suka haɗa kai suka aiko wa makarantar da nake koyarwa tsofaffin kwamfutoci, aka ware ɗaki, aka ce ni zan kula da shi. Innata, ban taɓa farin ciki da aiki kamar lokacin ba. Ni na share ɗakin, ni na jera tebura. Ina ganin yaranmu na Afala da Barmu, waɗanda ba su taɓa ɗora yatsa a kan kilabiye, madannan haruffan kwamfuta, ba, za su fita daga hannuna sun iya abin da zai hana su bin motar Agadas zuwa Libiya.

Madam Esta, abokiyar aikina mai koyar da kimiyya, kin san ta, wadda takan aiko mana da abinci ranar Kirsimeti, ta same ni ina jera wayoyi. Ta ce, "Mushe Abdu, injunan nan sun tsufa. Bari mu sa musu Linux. Akwai irin da aka yi musamman don marasa ƙarfi, kyauta ne, kuma zai tashe su kamar yara."

Na ce, "Madam, ranar buɗewa manya za su zo, da wakilan waɗanda suka aiko. In suka ga allon da ba su saba gani ba, cewa za su yi mun lalata kayan mutane."

Ta ce, "Manya yini ɗaya za su zo. Yaran fa?"

Na ce mata ta bari tukuna a wuce bikin. Na sa aka cika su duka da sabon sistem, kamar ban taɓa ganin abin da ya sami Ƴar Abijan ba. Ranar bikin na kunna su tun da sassafe don kada kowa ya ga yadda suke tashi. Manya suka zo, suka ga alluna suna walƙiya, suka tafa, aka ɗauki hoto, aka ci abinci.

Sai karatu ya fara. Yara su shigo, a kunna, a zauna ana kallon allo yana juyi. Kafin ta buɗe rabin lokacin darasi ya tafi. In ta buɗe, yaro ya danna harafi, ya jira ya fito. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, in ta dawo a koma farko. Ɗalibai suka sa wa wurin suna ɗakin jira. Na riƙa cewa in an yi hutu zan bi shawarar Madam Esta, hutu ya zo in ce sai na nemi izini, izinin kuma ina jin nauyin nema don kada a tambaye ni dalilin da ya sa ban yi tun farko ba. Zafi ya riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya. Da aka rasa ajin da za a sa sababbin ɗalibai, aka kwashe su aka tara a sito. Rufin siton yana yoyo. Damina ɗaya ta gama da su.

Guda ɗaya ce ta tsira, wadda allonta ya tsage, aka ce ba ta da amfani, Madam Esta ta roƙa aka bar mata. Ta sa mata sistem mara nauyi. Har yau da ita take buga takardun jarrabawa. Duk lokacin da na je gidanta na ji ƙarar kilabiyen nan, sai in ga ɗakin nan cike da yara, kowane da tasa a gabansa, abin da ya kusa faruwa bai faru ba.

Darasin a nan, kada ki zaɓa don idon mutane. Za a yi miki dariya, ki sa ran haka. Za a leƙo allonki a ce wannan kuma wane iri ne. Masu dariyar ba su za su zauna da ke ranar da za a karɓi aiki ba.

Akwai na huɗu, ƙarami ne, amma kada ki faɗa cikinsa don gudun sauran. Bayan abin da ya faru sai na zarce ɗaya gefen. Na nemo sistem mafi ƙanƙanta da na ji labari, na sa wa Ƴar Abijan ba tare da na gwada ba. Ta tashi kamar walƙiya, na yi ta murna ina kiran mahaifiyarki ta zo ta gani. Ta ce, "To nuna mini hoton jikan Hajiya maƙwabciyarmu." Hoto bai buɗe ba. Sauti babu. Intanet ta ƙi kamawa. Komai sai an rubuta masa umarni a baƙin allo, ni kuwa ban iya ba. Ta ce, "Da tana barci, yanzu ta farka amma kurma ce." Dole na sake mayar mata da tsohon sistem ɗinta na asali, shi ne wanda kika tafi da shi. Shi kuwa an daina aiko masa gyara, duk ɓarnar da ke yawo a intanet da kilen mutane ƙofa a buɗe za ta same shi. Ba zai kai ki ƙarshen karatu ba. Rakiya ta yi gaskiya cewa sai an canza, a abin da za a sa ne ta kuskure. Abin da kike nema shi ne mara nauyi wanda kuma yake yin aikinki, ba wanda ya fi kowa ƙanƙanta ba.

Na so in yi miki wannan da hannuna kafin ki tafi. Na zauna zan fara, na tarar ƙananan rubutun allon sun zama mini kamar tururuwa a cikin ruwa. Na ji kunyar gaya miki, na yi ta ɗagawa har ranar tafiya ta zo. Amma ki duba ƙaramin aljihun jakar, na ciki, mai zif. Akwai kile biyu da Madam Esta ta shirya. Mahaifiyarki ta ɗaura wa ɗaya jan zare, ɗaya baƙi, don ni in iya bambanta su. Duka biyun Linux mara nauyi ne a ciki. Mai jan zare Lubuntu ne, ya fi kama da abin da kika saba, da shi za ki fara. Mai baƙin zare antiX ne, ya fi shi sauƙin ɗauka, amma sai kin ɗan yi haƙuri kafin ki saba da shi. Madam Esta ta duba, injinki yana iya ɗaukar kowanne.

Alherin da ke cikinsu shi ne ana iya gwada su ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ki sa kilen tana kashe, ki kunna, ki riƙa danna F12 har ta tambaye ki daga ina za ta tashi, ki zaɓi kilen. Za ki ga inda aka ce a gwada da inda aka ce a saka. Gwadawa za ki zaɓa. Daga kan kile za ta ɗan fi jinkiri, kada wannan ya ruɗe ki. Ki yi aikin yini da shi kamar gaske. Ki ga ko tana kama intanet ɗin makaranta, don wannan shi ne ya fi ba tsofaffin injuna wahala. Ki kunna karatun Alƙur'ani ki ji ko sauti na fita. Kilabiyenta na Faransanci ne, ki tabbata harafin da kika danna shi ke fitowa, ki kuma nemi inda ake ƙara Hausa don haruffanmu masu lanƙwasa. Ki buga shafi guda, ki ajiye shi a irin fayil ɗin da malamanku ke karɓa, ki kai wa Rakiya ta buɗe a tata, ki ga ko ya fito yadda kika tsara shi. Ki ɗora tafin hannunki a ƙasanta, ki saurari fankar. In ta yi shiru, jikinta da ɗumi kawai, kin sami gugan da ya dace da ita. In mai jan zare ya yi mata nauyi, ki koma mai baƙi. Sai kin gamsu, kuma sai kin buɗe kwafin kayanki a wani wuri kin gani, sannan ki danna sakawa, da caja a jiki, a lokacin da ba a cika ɗauke wuta ba.

Ba zan ɓoye miki abin da za ki rasa ba. Wataƙila wani malami ya ce sai da wani kayan aiki da ba ya tafiya a kan Linux. In haka ta faru, ki yi wannan aikin kaɗai a ɗakin kwamfutocin jami'a, kada ki kashe taki saboda darasi guda. Kuma ko da sistem mara nauyi, in kika buɗe shafukan intanet da yawa a lokaci ɗaya za ta durƙusa, su ne suka fi komai cin ƙarfi. Ki buɗe abin da kike karantawa, ki rufe in kin gama. Kada ki ɗora ta a kan katifa, ta ƙasa take numfashi. In wuta ta ɗauke ki zare caja, dawowar wutar ita ke ƙona kaya. Kada ki ba da aronta ga wanda zai ce bari ya ɗan gyara miki.

Na rubuta duk wannan, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Kwanakin baya kafin ki tafi na kara kunnena a jikinta, na ji disk ɗinta, inda take ajiye komai, yana wani ƙas-ƙas da ban san shi da shi ba. Yana yiwuwa ki bi maganata ɗaya bayan ɗaya, ba ki kuskure ko guda ba, ta mutu duk da haka, don shekarun da na yi ina ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba za su dawo ba. Da na bar ta yadda ta zo, ko da na ji maganar Madam Esta da wuri, da yau lafiyayyar na'ura na miƙa miki. Abin da na ba ki saura ne.

Wani lokaci in na zauna a ƙofar gida, tsofaffin ɗalibaina sukan tsaya su gaishe ni, jaka a kafaɗa, za su tasha. "Mushe, a sa mu a addu'a, mun yi arewa." In sa musu albarka, in bi su da ido iyakar inda idon ke kaiwa, wanda yanzu ba nisa. Ba na cewa ɗakin kwamfuta ɗaya zai tsayar da su, ban kai haka wauta ba. Amma an ba ni dama sau ɗaya in gwada, na kashe ta a kan tafin yini guda. Na yi shekaru ina koyar da ƴaƴan mutane su auna kafin su yanke, ga shi na tashi babu ɗaki, babu injuna, babu muryar uwata, idon da zan gyara da shi ma ya tafi a daidai lokacin da na gane gyaran. Ke kaɗai ce ɗalibar da ta rage mini, ke ma ta takarda nake koya miki.

Ga roƙona. Kada ki ba ni amsa ta waya. Na san mu, ɗan Adar in yana waje ba ya faɗin wahala. Ilyasu ya yi shekaru yana ce mana lafiya lau, ashe a kwance yake. Ke ma in na tambaye ki Ƴar Abijan, lafiya lau za ki ce, don kada raina ya ɓaci. In kin gama, kin saka, ta tashi, ki buga mini amsar takardar nan a kanta. Ki sa haruffa manya, baƙaƙe, irin waɗanda idona zai iya kamawa ba sai na nemi mai karanta mini ba. Ko gaisuwa ce kawai ta isa. Ki fitar da ita a takarda, ki ba direban da ya kawo miki wannan, ya san ni, ɗansa ya yi aji a hannuna.

In na buɗe ambulan na ga bugun na'ura, na san tana raye, kuma kin yi abin da ubanki ya kasa. In na ga rubutun hannunki, na gane. Zan ba mahaifiyarki ta karanta mini, kuma ba zan tambaye ki komai ba, ba a ranar ba, ba kuma bayanta ba.

Allah Ya tsare mini ke, Innata. Ya tsare lafiyarki da mutuncinki da imaninki, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye masu gaskiya. Ya sa abin da ke hannunki ya kai ki inda za ki, ko da da rarrafe ne. Ya dawo mana da ke lafiya, ina da sauran ganin da zan gane fuskarki daga bakin ƙofa. Ki gaishe da Rakiya, ki ce mata ban yi fushi ba, ni ma abin da na faɗa ke nan a lokacina. Ki riƙe salla.

Duk ranar da motar Yamai ke shigowa, ina tasha.

Wassalam.

Mahaifinki,
Abdu